Salamanda da Niyut: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dangin Kwaɗi Masu Wutsiya

Wai mece ce salamanda? Ba wani irin ƙadangare ba ce?

A'a. Duk wanda aka nuna wa hotonta zai iya rantsuwa ƙadangare ne ko kulɓa, saboda doguwar wutsiya, gajerun ƙafafu huɗu, da jiki a miƙe dab da ƙasa. Amma 'yar'uwar kwaɗo ce. Ƙadangare yana da busasshiyar fata mai ɓawo, yana da farata, ƙwansa na da kwasfa, kuma babu abin da yake so irin ya hau katanga ya sha hantsi. Salamanda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fatarta sumul take, kullum da laima, babu farce a yatsunta, kuma galibi yatsu huɗu gare ta a ƙafar gaba, biyar a ta baya. Ƙwanta cikin yauƙi yake, ba kwasfa. Rana kuwa ajalinta ce.

Dabbobin da ke raba rayuwarsu tsakanin ruwa da tudu gida uku ne. Akwai kwaɗi, masu nau'i fiye da 7,000. Akwai wasu marasa ƙafa masu siffar tana, da ke zaune cikin danshin ƙasa, har da dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru. Sai salamanda, mai nau'i kusan 800 a cikin zuriya 10.

Wanda ya gane fatarta ya gane kusan komai nata. Fatar tamkar randar ƙasa take: ruwa na ratsa ta, iska na ratsa ta. Ta nan take shan ruwa, ta nan take yin wani kaso na numfashinta, ta nan kuma ruwan jikinta ke tsiyayewa idan wuri ya bushe. Inda take zama, lokacin da take fita, yadda take haihuwa, har da cutar da ke kashe ta a yau, duk daga wannan fata suka taso.

To, niyut fa? Daban yake?

Kowane niyut salamanda ne, amma ba kowace salamanda ce niyut ba. Niyut reshe ne a cikin zuriyar Salamandridae, ana samunsa a Turai, Asiya, Arewacin Amurka da arewacin Afirka. Fatarsa ta fi kaushi, kuma yawanci yakan yi zaman tudu, sai lokacin barbara ya koma kududdufi, wutsiyarsa ta yi faɗi don iyo.

Niyut na gabashin Amurka, Notophthalmus viridescens, rayuwa uku yake yi. Yana ƙyanƙyashewa a ruwa, sai ya fito tudu ya zama ja jawur, ya yi shekara biyu ko uku yana yawo cikin daji da rana tsaka ba ya tsoron kowa, domin jan nan gargaɗi ne cewa akwai dafi. Daga nan ya rikiɗe ya zama kore, ya koma ruwa ya ƙare rayuwarsa a can.

Akwai su a ƙasar Hausa?

Babu ko ɗaya, kuma babu a duk Afirka kudu da Sahara. Haka ma Ostireliya. A nahiyarmu sai dai can a Maroko, Aljeriya da Tunisiya, inda ake samun 'yan nau'o'i kaɗan, irin su Salamandra algira a cikin duwatsu masu sanyi da niyut na jinsin Pleurodeles, waɗanda dukkansu dangin na Turai ne.

Asalinsu arewacin duniya ne. Cibiyarsu mafi girma ita ce duwatsun Afalashiya da ke gabashin Amurka, sai tsaunukan Meziko da Amurka ta Tsakiya. Zuriya ɗaya tak ce ta tsallaka ta shiga yankin zafi sosai, ta gangara har dajin Amazon. Dabbar da fatarta ba ta riƙe ruwa ba za ta ƙetare Sahara ba, ba kuma za ta jure rani na wata bakwai ba. Kwaɗi sun sami dabarun da suka fisshe su, wasu su binne kansu a ƙasa har damina ta dawo, 'ya'yansu kuma su gama girma cikin 'yan makonni kafin kududdufi ya ƙafe. Salamanda ba ta da wannan gaggawa.

Sai dai ba haka abin yake ba tun fil azal. An tono ƙasusuwan bayan wasu salamanda da suka rayu a zamanin dinoso a arewacin Sudan, aka sa musu suna Kababisha a shekarar 1996, kuma an sami irinsu a In Beceten da ke yankin Tahoua a Nijar. Wato sun taɓa zama a nan lokacin da wurin ke cike da koguna da fadamu, daga baya suka shuɗe.

Tun yaushe suke a duniya?

Burbushin da ya fi tsufa wanda masana ke dangantawa da su shi ne Triassurus, daga ƙasar Kirgistan, mai kimanin shekara miliyan 230. Daga Kazakistan an sami Karaurus, cikakken ƙwarangwal mai shekara fiye da miliyan 150, sannan a yankin Mongoliya ta Ciki da ke ƙasar Sin an sami ɗaruruwan burbushi da tokar aman wuta ta rufe, wasu har da alamar gaɓar numfashinsu ta ruwa. Abin lura shi ne siffar ba ta canza sosai ba. Kwaɗo ya gajarce, ya yar da wutsiya, ya tsawaita ƙafafun baya don tsalle. Salamanda ta tsaya kusa da tsohon fasalin dabba mai ƙafa huɗu, tana tafiya tana lanƙwasa jiki dama da hagu, shi ya sa masu binciken yadda dabbobin farko suka taka tudu ke yawan nazarin tafiyarta.

Ba wai sauyi ya tsaya ba ne. A Kalifoniya akwai wata da ake kira Ensatina, wadda Robert Stebbins ya yi bayaninta a 1949. Ta taso daga arewa ta gangaro kudu ta hanya biyu, ɗaya ta duwatsun bakin teku, ɗaya ta duwatsun ciki, da busasshen kwari a tsakani. A kowace hanya maƙwabta na barbara da maƙwabta, launi na sauyawa kaɗan-kaɗan. Amma inda hanyoyin biyu suka sake haɗuwa a kudu, sai ga shi da ƙyar suke barbara da juna, a wasu wuraren ma ba sa yi sam. Ana koyar da wannan a jami'o'i a matsayin misalin yadda nau'i ɗaya ke rabuwa biyu.

Yaya girmansu yake?

Yawancinsu ba su wuce santimita 10 zuwa 20 ba. Mafi ƙanƙanta su ne na jinsin Thorius a tsaunukan Meziko, wasu ba su kai santimita 3 ba har wutsiya. Mafi girma ita ce ƙatuwar salamandar Sin, wadda kan kai mita 1.8, sai ta Japan mai kusan mita 1.5, wadda gwamnatin ƙasar ta sa a jerin abubuwan da doka ta kare tun 1952.

Girman nan ya taɓa ruɗar wani likita ɗan Suwizalan, Johann Scheuchzer. A 1726 ya ga wani ƙwarangwal cikin dutse daga Öhningen da ke kudancin Jamus, ya bayyana cewa ƙasusuwan ɗaya ne daga mutanen da ɗufana ta halaka a zamanin Annabi Nuhu. Sai a 1811 masanin Faransa Georges Cuvier ya sassaƙe dutsen da ke rufe da gefen ƙwarangwal ɗin, ƙafafun gaba na ƙatuwar salamanda suka bayyana.

An ce wasu ba su da huhu. Da me suke numfashi?

Ba wasu kaɗan ba ne, kusan kashi biyu cikin uku na dukkan nau'o'in ne. Zuriyar Plethodontidae, mai nau'i wajen 500, babu huhu a jikinta ko kaɗan. Iskar oksijin na narkewa cikin laimar fata da ta cikin baki, ta shiga ƙananan hanyoyin jini da ke kwance dab da fatar. Wannan na yiwuwa ne saboda jikin siriri ne, kuma bukatarsa kaɗan ce ƙwarai. Salamanda na cikin dabbobi masu ƙashin baya da suka fi kowa ƙarancin ƙona abinci a jiki.

Farashin da suke biya shi ne ba su da ikon bushewa ko na ɗan lokaci. Yini suke yi a ƙarƙashin ruɓaɓɓen icce ko dutse, sai dare ya yi da yayyafi su fito farauta, kuma da zarar jiki ya fara rasa ruwa sai su koma. Da yawa cikinsu duk rayuwarsu ba ta wuce 'yan taku kaɗan daga dutsen da suka riƙa ba, kuma suna kare wannan ɗan wuri da cizo.

Mutum zai zaci rashin huhu naƙasa ce. A ganina riba ce suka ci. Ƙasusuwa da tsokar maƙogwaro da sauran dangi ke amfani da su wajen tura iska cikin huhu, su sai suka sami 'yancin mayar da su makamin farauta, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Sauran zuriyoyin galibi suna da huhu idan sun girma. 'Ya'yansu kuwa da ke cikin ruwa suna da wata geza ja, uku-uku a kowane gefen wuya, wadda ke aikin da gaɓar numfashin kifi ke yi. Bari mu kira ta gezar numfashi.

Me suke ci?

Kusan dukkansu nama kawai, tun suna ƙanana: ƙwari, tana, katantanwa, gizo-gizo, 'ya'yan sauro, wani lokaci har 'yan'uwansu. A nan ma sun bambanta da kwaɗo, wanda talibambam ɗinsa gansakuka yake ci.

Marasa huhun nan na jinsin Hydromantes suna harba harshe ne da ƙashinsa gaba ɗaya, ya fita daga baki zuwa nisan da ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon gangar jikinsu, ya manne wa ƙwaro, ya dawo, duk kafin ƙiftawar ido. Ƙarfin ba daga matsewar tsoka kai tsaye yake zuwa ba. Ana tara shi ne a wasu zaruruwa masu talewa sannan a sake su lokaci guda, shi ya sa harbin ke aiki ko cikin sanyin da ke kashe wa tsoka ƙarfi.

Yaya suke haihuwa?

A yawancinsu namiji ba ya hawa mace. Yakan yi ta zawarci, wani da rawa, wani da goga haɓarsa a hancinta, niyut kuma ya tsaya a gabanta yana kaɗa wutsiya don tura mata wani sinadari mai jan hankali ta cikin ruwa. Idan ta yarda sai ta biyo shi, ya ajiye ɗan ƙunshin maniyyi a ƙasa, ya ja ta har ta zo daidai kansa ta ɗauke shi da mafitarta. Tana iya ajiye shi a jikinta watanni kafin ta yi ƙwai. Ƙattin Sin da Japan ba sa yin haka. Mace na zuba ƙwai a rami a gaɓar rafi, namiji ya zuba maniyyi a kai, kuma shi ne ke zama gadi har su ƙyanƙyashe.

Daga nan hanyoyi sun rarrabu. Macen niyut mai tukku ta Turai, Triturus cristatus, tana yin ƙwai wajen 200 ko fiye, kuma kowane ɗaya sai ta naɗe shi cikin ganyen ciyawar ruwa da ƙafafunta na baya. Duk wannan wahala, rabin ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, kowace shekara, a kowane kududdufi. Dalilin wata matsala ce ta gado: cikin ƙunshe-ƙunshen gado da ɗa ke karɓa daga uwa da uba, na farko iri biyu ne a wurinsu, kuma ɗa ba ya rayuwa sai ya gaji ɗaya daga kowane iri. Wanda ya gaji iri ɗaya sau biyu yana mutuwa tun cikin ƙwai.

Marasa huhu da yawa sun daina zuwa ruwa kwata-kwata. Uwa na yin ƙwai kaɗan a cikin ruɓaɓɓen icce, ta kanannaɗe su tana gadi, ɗa ya fito da cikakkiyar siffar uwarsa. Baƙar salamandar tsaunukan Alfs kuwa, Salamandra atra, ciki take ɗauka na shekara biyu zuwa uku, ta haifi 'ya'ya biyu kacal.

Akwai biyu da suka fi ba ni mamaki, duka a jinsin Ambystoma na Arewacin Amurka. Ta farko, mai ɗigo-ɗigon rawaya, ƙwanta kore ne saboda wata gansakuka da ke zaune a ciki tana ba ɗan tayin oksijin, ita kuma tana cin dattin da yake fitarwa. A 2011 Ryan Kerney da abokan aikinsa suka nuna cewa gansakukar har cikin ƙwayoyin halittar ɗan tayin take shiga, abin da ba a taɓa gani ba a dabba mai ƙashin baya. Ta biyu wata zuriya ce a yankin Manyan Tafkuna na tsakanin Amurka da Kanada wadda duk mata ne, kimanin shekara miliyan 5 ke nan. Suna ɗaukar ƙunshin maniyyin mazan wasu nau'o'in da ke kusa, wani lokaci don ya tayar da ƙwan kawai, wani lokaci kuma su haɗa gadon namijin cikin nasu.

Shi aksolotul da ake gani a hotuna, fari mai jar geza, mene ne?

Salamanda ce da ta ƙi girma. Ambystoma mexicanum yana balaga, yana haihuwa, amma bai taɓa yar da gezar numfashi ya fito tudu ba. Abin da ke sa ɗan salamanda ya rikiɗe sinadari ne daga ƙullin nan na wuya wanda idan ya kumbura a jikin mutum ake kira maƙoƙo. A jikin aksolotul umarnin sakin sinadarin ne ba ya zuwa yadda ya kamata. An kai wasu Faris a 1864, kuma a shekarar da ta biyo Auguste Duméril ya ga wasu daga 'ya'yansu sun rikiɗe sun zama salamandar tudu. A 1920 Julian Huxley ya ciyar da wasu da naman wannan ƙulli, su ma suka rikiɗe.

Farin nan na kiwo ne. Na daji baƙi-baƙi ne, kuma gidansa ɗaya ne a duniya, magudanan ruwan Sochimilko a kudancin birnin Meziko, ragowar tafkunan da aka tsiyaye don gina birnin.

Da gaske idan aka yanke mata ƙafa wata ke fitowa?

Da gaske, da ƙashi, da tsoka, da jijiya, da yatsu cif. Lazzaro Spallanzani ɗan Italiya ya rubuta wannan tun 1768. Kada a haɗa shi da wutsiyar tsaka: wadda ke sake fito wa tsaka sandar guringuntsi ce a ciki, ba gaɓoɓin ƙashi ba. Salamanda kuwa har lakar da ke cikin wutsiyar take mayarwa, haka ma muƙamuƙi, da wani sashe na zuciya, da wani sashe na ƙwaƙwalwa.

Ga yadda abin ke tafiya a ƙafar ƙaramin aksolotul. Cikin yini guda fata mai laushi ta rarrafo ta rufe bakin ciwon, ba ɓawo, ba tabo. Ƙwayoyin halittar da ke ƙarƙashi, musamman na naman da ke haɗa gaɓoɓi, sai su saki aikin da suka saba, su koma halin ƙuruciya, su taru su zama wani ɗan tsiro mai laushi a kan dungulmin. Tsiron ya yi ta tsawo, ya baje a ƙarshe, sai a ga tsagar yatsu ta fara bayyana. Cikin wata ɗaya zuwa biyu ƙafa ta dawo. Manya da na tudu sukan ɗauki lokaci fiye da haka sosai.

Akwai sharuɗɗa. Idan aka datse jijiyar saƙo da ke zuwa ƙafar, ba ta fitowa, kuma an san wannan tun 1823. Idan aka kawar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu share dattin ciwo, tabo ne ke fitowa maimakon ƙafa, kamar yadda wani bincike na 2013 ya nuna. Sannan ƙwayoyin sun san inda suke: a yanke a wuyan hannu, tafi da yatsu kawai za su fito; a yanke a kafaɗa, hannu gaba ɗaya zai fito.

Ga wanda ke tunanin baiwar na ƙarewa da tsufa, masanin Japan Goro Eguchi da abokansa sun cire madubin cikin idon wasu niyut sau 18 a tsawon shekara 16. A rahotonsu na 2011, madubin ƙarshe lafiyarsa ƙalau.

Ke nan nan gaba mutum ma zai iya?

Kada wanda ya rasa ƙafa ya sa rai da wannan nan kusa. Jikin ɗan Adam na da ɗan abin da ya yi kama da haka, hanta na cikowa, kan yatsan yaro ma yakan dawo idan yankan bai wuce gindin farce ba. Amma jikinmu gaggawar rufe ciwo da tabo yake yi. Abin da ya fi kusa a samu daga wannan bincike shi ne hanyar rage tabo a ƙuna, a zuciya bayan bugu, ko a laka.

Me ya sa masu bincike suka daɗe suna son su haka?

Ƙwayoyin halittarsu manya ne ƙwarai, ana ganin cikinsu sarai a madubin ƙara girma. A jikin salamanda ne Walther Flemming na Jamus ya bi yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu, ya wallafa a 1882. Da ƙwan niyut ne Hans Spemann da Hilde Mangold suka nuna a 1924 cewa wani ɗan yanki na ɗan tayi ne ke ba sauran umarnin abin da za su zama, aikin da ya kai Spemann ga kyautar Nobel a 1935.

Girman ƙwayoyin daga yawan sinadarin gado na DNA yake. An karanta na aksolotul a 2018, haruffa biliyan 32, ninki goma na ɗan Adam, kuma mafi yawansu maimaici ne. A nan suna da abokin tarayya da muka sani: gaiwa, wadda nata ya kai wajen biliyan 40, kuma ita ma tana mayar da wutsiyarta idan ta gutsure.

Suna da dafi?

Ba sa sara da dafi, amma fatar yawancinsu na fitar da abu mai ɗaci ko guba. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne niyut mai kaushin fata na yammacin Amurka, Taricha granulosa, mai guba iri ɗaya da ta kifin nan mai kumbura jiki da ake ci a Japan. Gubar na toshe ƙofofin da jijiya ke aika saƙo ta cikinsu, jiki ya shanye, numfashi ya tsaya. A 1979 wani mutum mai shekara 29 a jihar Oregon ya haɗiye ɗaya a kan caca, ya mutu a ranar. Taɓawa ba ta kisa, muddin an wanke hannu ba a kai ido ko baki ba.

Wani maciji na yankin, Thamnophis sirtalis, yana cinye shi ya kwana lafiya, domin ƙofofin jijiyarsa sun sauya fasali gubar ba ta kama su da kyau. Edmund Brodie da ɗansa sun shafe shekaru suna auna wannan, suka ga inda niyut ya fi guba, nan macijin ya fi juriya, kowane na tura ɗan'uwansa gaba. Macijin ma bai ci bulus ba, domin a wasu wuraren masu juriya sosai sun fi sauran nauyin jiki wajen gudu.

Niyut na Sifaniya da Maroko, Pleurodeles waltl, nasa salon daban ne. Idan aka damƙe shi sai ya turo tsinin haƙarƙarinsa su huda fatarsa su fito, su kwaso guba su soki bakin mai kamun. Ramukan na warkewa ba wata illa.

Me ya haɗa salamanda da wuta?

Camfi ne tsohon gaske a Turai, cewa tana zama cikin wuta ba ta ƙonewa, har ma ta kashe ta. Bayanin da aka fi yarda da shi mai sauƙi ne: tana ɓuya cikin icce mai danshi, a jefa iccen a murhu, ta fito a guje. Sarkin Faransa Faransuwa na Ɗaya ya mayar da ita tambarinsa, an sassaƙa ta ko'ina a fadar Shambor. Wuta na ƙona ta kamar kowace dabba.

Shekara nawa suke yi?

Fiye da yadda girmansu zai sa a zata. Ƙanana da yawa na wuce shekara 10, ƙattin kuma sun haura 50 a hannun masu kiwo. Gwarzonsu shi ne olm, Proteus anguinus, fari makaho da ke cikin ruwan kogunan dutse na ƙarƙashin ƙasa a Suloveniya, Kuroshiya da Bosniya. Ba ya balaga sai ya kai wajen shekara 15, mace na yin ƙwai kusan sau ɗaya a shekara 12, kuma lissafin masu kiwonsa a kogon Moulis na Faransa ya nuna yana iya wuce shekara 100. Yana jure shekaru babu abinci. A wani bincike a Bosniya an yi wa wasu alama, aka riƙa tarar da ɗaya a wuri guda har shekara bakwai.

Salamandar Saiberiya kuma daskarewa take yi da hunturu, a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, hantarta ta cika jikin da wani sinadari mai hana ƙanƙara fasa ƙwayoyin halitta, ta farfaɗo idan ƙanƙara ta narke.

Wane amfani suke yi wa daji?

Ba a ganinsu, shi ya sa ake raina yawansu. A 1975 Thomas Burton da Gene Likens suka ƙirga su a dajin Hubbard Brook na jihar New Hampshire, suka sami kusan 2,950 a hekta guda, nauyinsu a haɗe ya ninka na dukkan tsuntsayen wurin sau biyu. Su ne manyan mafarautan ƙananan ƙwarin da ke cin ganyen da ya zuba, don haka suna da hannu a saurin ruɓewar ganye da abin da ke komawa cikin ƙasa. Tunda ba sa ƙona abinci don ɗumama jiki, kaso mai yawa na abin da suka ci nama yake zama, wanda macizai, tsuntsaye da kifi ke ci.

Suna cikin haɗari ne?

Sosai. Babban ƙiyasin da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi gaba ɗaya na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma a cikinsu salamanda ce kan gaba, uku cikin kowane biyar. Sare daji da ɗumamar yanayi ne manyan dalilai, musamman ga waɗanda duk duniyarsu kan tsauni ɗaya ce, babu inda za su hau idan zafi ya ƙaru.

Sai cuta. Daga 2010 salamanda mai baƙi da rawaya ta fara mutuwa a kudancin Holan, kafin 2013 kashi 96 cikin 100 sun tafi. An Martel da Frank Pasmans na Jami'ar Ghent a Beljiyam suka gano wata fumfuna ce mai cin fata, Batrachochytrium salamandrivorans, wadda ta zo daga Asiya, ga dukkan alamu a jikin niyut da ake sayarwa masu kiwon sha'awa. Dabbar da ke numfashi da fata, idan fata ta yi gyambo, magana ta ƙare. Ta riga ta bazu zuwa Beljiyam, Jamus da Sifaniya. Amurka ta hana shigo da nau'i 201 a 2016 don kare nata.

Aksolotul ya cika ɗakunan bincike da gidajen mutane, hotonsa na kan takardar kuɗi ta feso 50 da Meziko ta fitar a 2021, amma a Sochimilko ƙidayar 1998 ta nuna kimanin 6,000 a murabba'in kilomita, ta 2014 kuma 36. Ruwan ya gurɓace, sannan kifayen da aka zuba don abinci, ciki har da karfasa 'yar Afirka, suna cinye ƙwai da 'ya'yan. Luis Zambrano na babbar jami'ar ƙasar yana aiki da manoman wurin suna tace wasu magudanai don hana kifin shiga. A Sin ana kiwon ƙattin da yawan gaske don nama, amma binciken wurare 97 tsakanin 2013 da 2016 ya sami guda 24 kacal a daji, a wurare huɗu.

Zan iya kiwon aksolotul a Kano ko Maraɗi?

Ban ba da shawara ba. Ruwan da yake so digiri 16 zuwa 18 ne, kuma idan ya wuce 24 na 'yan kwanaki sai ya daina cin abinci, fumfuna ta kama fatarsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai da injin sanyaya ruwa mai aiki dare da rana, kuma ɗauke wuta na yini ɗaya ya isa ya kashe shi. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma yana ƙona masa geza. Wanda ya riga ya saya, kada ya zubar da ruwan tankin ko dabbar a rafi ko kududdufi, domin dabbobin kiwo irin waɗannan na iya ɗauke da cututtukan fata da ke kama kwaɗi.